Manyan baƙi ko manyan baki?

A shagunan buga takardu na Nima da Zangon Kumasi, sau da yawa ƙugiyar haruffan Hausa kan ɓace. Makaranta ta kai katin walimar saukar Alƙur'ani, "manyan baƙi" ya fito "manyan baki", an kuma riga an buga ɗari biyu.

Alhali gyaran ba wuya a Microsoft Word. Ka rubuta U+0199, ka danna Alt da X tare, sai ƙ ta bayyana. Lambar ɗ U+0257 ce, ta ɓ kuwa U+0253. In lambobi sun gundure ka, shiga Insert, sannan Symbol, ka ware wa kowane harafi maɓallinsa.

Amma a yi hattara da Replace All. Ka ce kowace k ta koma ƙ, har sunan Kumasi sai ya lalace.