Ademola Lookman

Ademola Lookman (an haife shi ranar 20 ga watan Oktoba, 1997) ƙwararren ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne mai buga gefen gaba, kuma yana wakiltar Najeriya. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na shekarar 2024.

Farkon rayuwa

An haife shi a unguwar Wandsworth da ke Landan, iyayensa 'yan Najeriya ne. Bai taso a makarantar horon wata babbar ƙungiya ba kamar akasarin taurarin Ingila. Har ya kai shekara 16 yana taka leda ne a Waterloo, ƙaramar ƙungiyar unguwa, kafin Charlton Athletic ta ɗauke shi a 2014.

Charlton da Everton

Ya fara buga wa manyan Charlton a watan Nuwamban 2015, a gasar Championship. A ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa League One, rukuni na uku a Ingila, inda ya yi rabin kaka. Everton ta saye shi a Janairun 2017. A wasansa na farko ya shigo canji ana dab da tashi, ya ci ƙwallo ta ƙarshe a karawar da suka doke Manchester City da ci 4-0.

Sai dai bai samu gurbi na dindindin a Everton ba. An ba da shi aro ga RB Leipzig ta Jamus a 2018, ta saye shi a 2019, ita ma ta tura shi aro Fulham, daga baya Leicester City. A Fulham ne ya ɓarar da fenariti a mintin ƙarshe da West Ham a Nuwamban 2020: ya ɗaga ƙwallon a hankali ta tsakiya, mai tsaron raga ya cafke, suka sha kashi 1-0. An daɗe ana yi masa gorin wannan bugu.

Atalanta

Ya koma Atalanta ta Italiya a Agustan 2022. A hannun koci Gian Piero Gasperini ya riƙa matsowa kusa da raga maimakon tsayawa a bakin layi, ya ci ƙwallo 13 a Serie A a kakarsa ta farko.

Ranar 22 ga Mayu, 2024, a birnin Dublin, shi kaɗai ya ci duka ƙwallaye ukun da Atalanta ta doke Bayer Leverkusen da su a wasan ƙarshe na Europa League. Leverkusen ta zo ne da wasa 51 a jere ba a doke ta ba, ita kuwa Atalanta rabonta da babban kofi tun 1963.

Ƙungiyar ƙasa

Yana cikin tawagar Ingila da ta lashe kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017. FIFA ta amince ya sauya sheƙa zuwa Najeriya a Fabrairun 2022, kuma ya fara buga wa Super Eagles a wata mai bi, da Ghana a Kumasi. A gasar kofin Afirka da aka yi a Ivory Coast a farkon 2024 ya zura wa Kamaru biyu da Angola ɗaya, Najeriya ta kai wasan ƙarshe, mai masaukin baƙi ta doke ta 2-1. An miƙa masa kyautar CAF a Marrakesh a watan Disamban 2024, inda ya gaji Victor Osimhen.