Tsabtar ɗaki a lokacin hunturu

 A littafin bana mun zaɓi mu yi bayani a kan abin da ke damun kowane gida a nan Damagaram daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, wato ƙurar hunturu da yadda ɗakunanmu ke cushewa idan sanyi ya shigo.

Da farko mu san inda ƙurar nan take fitowa. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara. Da yawa daga cikin ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele ne, a arewacin Chadi, inda a zamanin da can ruwan tafki ya kwanta, ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Saboda laushin nan ne take shiga ta ƙasan ƙofa da ramin taga, ko da an rufe ɗaki ruf. Ke nan ba mai iya hana ta shiga gaba ɗaya. Abin da za mu iya shi ne mu rage mata wurin kwanciya.

Ina take kwanciya? A kan tarkace. Tsofaffin ledoji, kwalaye, takalman da suka yi wa yara kaɗan, tufafin da aka jibge a kan igiya, kwanonin da ke ƙarƙashin gado ba a amfani da su, duk gidan ƙura ne. Ɗakin da kayansa kaɗan ne ana share shi cikin ɗan lokaci, amma mai tarkace sai dai a share tsakiya a bar lungu. Don haka aikin farko shi ne a fitar da kaya waje a tantance. Abin da ake amfani da shi a sa a akwati ko jaka mai rufewa. Rigar sanyi da bargon da muka daina sawa a ba almajirai da maƙwabta masu bukata, ɗaki ya samu fili, mu kuma mu samu lada. Littattafanmu da alluna a aje su a sama, a lulluɓe da ƙyalle mai tsabta. Takardun da ke da ayoyin Alƙur'ani kuwa ba a haɗa su da shara, a kai wa malam ya nuna yadda za a yi da su.

Sai shara kanta. Idan aka sa tsintsiya a busasshen daɓe, ƙurar tashi take yi ta tsaya a iska, mu shaƙe ta, in an jima ta sauko inda take. Shi ya sa iyayenmu mata ke yayyafa ruwa kafin su share. Ruwan alwala da aka tara a bokiti ya isa wannan aikin, tunda a garinmu ruwa ba abin wasa ba ne. Teburi da taga a goge su da jiƙaƙƙen tsumma, a fara daga sama a gangaro ƙasa. Tabarma da darduma a kai su waje a kakkaɓe, nesa da randa da wurin girki. Randa da kwanon abinci kuma kullum a rufe da faifai ko murfi.

Abu na uku shi ne iska. Saboda ɗari mukan toshe taga da tsumma, mu kwana mu biyar ko shida a ɗaki guda. Da safe sai ka ji ɗakin ya yi wani irin nauyi. Turaren wuta yana da daɗi, amma rufe wari kawai yake yi, ba ya fitar da gurɓatacciyar iska. Da hantsi, idan rana ta yi zafi kuma hazo bai yi yawa ba, a buɗe ƙofa da taga, a shanya katifa da barguna, a ɗaga sange a naɗe. Wannan ba don ƙamshi kaɗai ba ne. Busasshiyar iska da ƙura suna fasa cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma yana sa tari da mura su bi kowa. Haka ma sanƙarau, wanda a lokacin rani yake tashi, kamar yadda ya yi ɓarna a ƙasarmu a 2015. Duk yaron da aka ga yana zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, a kai shi likita nan take, kada a jira gobe.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne kaskon gawayi a cikin ɗaki. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta shiga, yana fitar da wata iskar guba wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Mutum yana barci ba zai ji komai ba, sai dai a tarar da shi a sume, wani lokaci ma ya rasu. Ga kuma gobara: komai a bushe yake, tartsatsi ɗaya ya faɗa kan katifa ko tarin tufafi, shi ke nan. Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya yi umurni a kashe wuta kafin a kwanta. A ji ɗumi a tsakar gida, a kashe garwashi da ruwa ko ƙasa, a shiga ɗaki da bargo.

Muna kira ga 'yan uwanmu maza, wannan aiki ba na Inna da 'yan mata kaɗai ba ne. Kowa ya naɗe shimfiɗarsa kafin ya fito makaranta, ya ɗebo ruwan yayyafi, ya kai shara inda ake zubarwa, kada ya ƙona leda a ƙofar gida. Ranar Alhamis da ba mu da karatun allo a yi babbar shara, a ja gado a share bayansa.

Allah ya tsare mu da gidajenmu daga gobara da cututtukan hunturu. Amin.