Gargaɗi ga mazauna Ingila: a sauko daga ɗakin ƙarƙashin rufi

Jama'a, kira ne ga 'yan'uwa da ke Landan, Mancesta, Birmingham da sauran garuruwan Ingila, masu gida da 'yan haya baki ɗaya. Tsadar haya ta sa ana ta mayar da sararin nan da ke tsakanin silin da rufi ɗakin kwana. A shimfiɗa falanki, a jefa katifa, a jingina tsani, wai an samu ɗaki. Duk wanda ke kwana a irin wannan wuri, ko ya sa yara a ciki, alhali hukuma ba ta duba aikin ba, ya sauko yau.

Katakon da ke saman silin an sa shi ne don ya riƙe silin da 'yan akwatuna. Ba ya ɗaukar gado da kabad da mutane. Sai an jera sababbin katakai masu kauri, sau da yawa har da ƙarfe, bisa lissafin injiniya. Gidajen da aka gina daga ƙarshen shekarun 1960 kuwa, galibi rufinsu na tsaye ne kan katakai masu siffar W. Mai aikin araha zai zo da zarto ya yanke su don a samu fili. Ranar ba abin da zai faru. Sai an kwana biyu ƙofofin ƙasa su fara cijewa, bango ya tsage, rufi ya lotsa. Araha dai ba ta ado.

Gobara ce ta fi tayar da hankali. Gida mai hawa biyu ya koma uku, kuma hayaƙi sama yake yi. Idan wuta ta tashi a kicin da tsakar dare, ramin da aka jingina tsanin nan shi ne hanyar hayaƙi, shi ne kuma hanyar fitarka kaɗai. Taga ta yi nisa da ƙasa, ba a dira. To wa zai sauko ta tsani cikin duhu da jariri a kafaɗa? Shi ya sa doka ta ce sai an yi matakala ta dindindin, a kare ta da bango da silin masu jure wuta na minti 30 tun daga sama har ƙofar fita, a sa ƙofofi masu jure wuta, a kuma sa na'urar jin hayaƙi a kowane hawa, haɗe da lantarkin gida, yadda in ɗaya ta yi ƙara duk za su ɗauka.

Kada magini ya ruɗe ku da cewa "ba sai da izini ba". Izini iri biyu ne. Na tsara gari ana iya yafe shi idan ƙarin bai wuce kubik mita 40 a gidajen da ke jere manne da juna ba, ko 50 a sauran, ban da fulat. Amma amincewar masu duba ingancin gini ba a yafe ta ga kowa. Tun Oktoba 2023, ƙaramar hukuma na da shekara 10 ta sa a gyara ko a rushe aikin da ya saɓa ƙa'ida. Kamfanin inshora ma na iya ƙin biya, ranar sayar da gida kuma lauyan mai saye zai nemi takardar amincewar masu duba gini.

Idan aikin zai taɓa bangon da kuka haɗa da maƙwabci, wata doka ta 1996 ta ce a ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin a fara. Tsohon gida kuwa a bincika asbesto kafin a huda komai, don sai a 1999 aka hana amfani da shi gaba ɗaya, kuma ƙurarsa na jawo cutar daji.

Ɗan haya, kafin ka ba da kuɗi, ka ce a nuna maka takardar shaidar kammala aiki daga masu duba gini. In mai gida ya fara kame-kame, ka kama gabanka. In kuma ka riga ka tare, kira sashen gidaje na ƙaramar hukumarku su zo su gani, ka kuma nemi 'yan kwana-kwana su duba gidan, kyauta suke yi. Kafin su zo, a sauko da katifa falo.