Ɗan aiken tumbi: bayani a kan yunwar mai azumi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kyautata halittar ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu saurare, wani bawan Allah ya aiko da tambaya: me ya sa yunwa ke taso wa mai azumi da azahar kamar za ta kayar da shi, amma kafin la'asar sai ta lafa, alhali bai sa kome a baki ba? Ni almajirin zaure ne, saboda haka na zauna da wani likita da ke salla a masallacinmu, ya warware mini al'amarin.

Tumbi yana fitar da wani sinadari mai suna girelin, wanda wasu masana na ƙasar Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka gano a shekarar 1999. Mafi yawansa daga saman tumbi yake fitowa. Yana bin jini har ƙwaƙwalwa, ya isar da saƙo cewa lokacin ci ya yi. Idan abinci ya sauka sai ya ragu. Shi ne kuma ke zaburar da wata ƴar gaɓa mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta saki sinadarin girma, wanda ke taimakon jiki ya ƙona kitsen da ya ajiye. Kitsen ma yana da nasa manzo, leptin, da aka gano a 1994, mai sanar da cewa akwai tanadi a rumbu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan ɗan aike sabo yake bi. Wanda ya yi wata goma sha ɗaya yana cin rana da azahar, to da azahar girelin zai hau, ko da jikinsa yana da guzuri. In ba a amsa masa ba, bayan ɗan lokaci sai ya sauka da kansa, kamar mai sallama a ƙofar gida da ya ji shiru ya juya. A wannan tsakani hanta na sakin sukarin da ta adana, kitse kuma na narkewa. Amsar mai tambaya ke nan. Shi ya sa ma kwanakin farko suka fi nauyi ga mutane da yawa.

Ƙarancin barci yana ƙara shi. Matasan da ke kwana shan shayi har sahur, su daina ɗora wa azumi laifi. Abinci mai gina jiki kuwa, irin wake da nono da ƙwai, ya fi ruwan sukari daɗewa yana danne shi. Wanda ya samu fura da nono ko ƙosai a sahur, ya gode wa Allah.

Da magariba kuma, saƙon ƙoshi ba ya isa ƙwaƙwalwa nan take. Mai gaggawa sai ya dinga aunawa, kunu, lemu mai ƙanƙara, shinkafa, tuwo, kafin labari ya kai ya riga ya wuce iyaka, ya zo tarawihi ruku'u na gagararsa. Na sha jin numfashinsu daga mihirabi. Sunnar buɗa baki da dabino ko ruwa, a tashi a yi salla, sannan a dawo ga akushi, tana ba saƙon nan lokacin isowa.

Sai dai a kiyaye. Duk wannan ga mai lafiya ne. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, idan ya ji makyarkyata da gumi mai sanyi da jiri, ko magana ta fara sarƙe masa, wannan ba yunwar sabo ba ce da za ta lafa; sukarin jininsa ne ya faɗi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Halilu, sun halatta shan azumi ga mai tsoron ƙaruwar cuta, sun wajabta shi ga mai tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Ya sha abu mai zaƙi nan take, ko da saura kaɗan rana ta faɗi, a kai shi wurin likita, ya rama ranar in ya samu iko. Ku kuma iyalinsa, kada wani ya yi masa gori.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Gobe, in Allah Ya so, za mu ɗauki tambayar mai ciki da mai shayarwa.