Idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya: abin da ake dafawa a duwatsun Aljeriya

Yawancinmu idan aka ce Aljeriya, Tamanrasat ce ke faɗo mana a rai, da rairayi da zafin rana. Amma can arewacin ƙasar, a yankin Kabiliya, akwai jerin duwatsun Jurjura waɗanda ƙololuwarsu, Lalla Khadija, ta kai mita 2,308. Daga Disamba zuwa Fabrairu dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙauyukan da ke manne a jikin duwatsun nan, wani lokaci a wayi gari ba mota mai hawa ba mai sauka. A irin wannan rana ba zancen aiken yaro kasuwa. Abin da uwar gida ta tanada tun da rani, shi za a ci.

Tanadin nan suna ce masa "awla". Kafin sanyi ya shigo mata kan taru su murza kuskus da hannu su shanya, a busar da ɓaure da tumatir da barkono, a ajiye wake da man zaitun. Nama kuma, musamman na Layya, a yanka shi sala-sala, a barbaɗe shi da gishiri a rataye a igiya har ya bushe ƙamas. Shi ne "ƙaddid". Ba kilishi ba ne, don ba a cinsa haka nan: gishirinsa ya yi yawa, sai an jiƙa shi sannan a jefa a miya. A tsoffin gidaje akwai manyan randunan ƙasa da ake ginawa cikin ɗaki, "ikufan", masu rami a ƙasa inda ake zura hannu a ɗebo hatsi ko ɓaure. Rumbu ne dai, sai dai nasu a ɗaka yake, kusa da murhu.

Abincin da ya fi shahara a ranar dusar ƙanƙara shi ne "barkukas", wasu wurare kuma a ce "aish". Tsakin alkama ne ake murzawa ya zama ƙwaya-ƙwaya manya, sun fi na kuskus girma nesa ba kusa ba. Ana fara soya albasa da tafarnuwa da tumatir a man zaitun, a sa ƙaddid ko kaza, a zuba ruwa da waken da suka kwana a jiƙe, da adas da karas. Idan wake ya yi laushi sai a zuba ƙwayoyin a cikin romon, a riƙa juyawa don kada ya kama. Ba a tsame shi daban kamar kuskus. Yana dahuwa ne a cikin miyar har ya yi kauri, a sha da cokali. Duk wanda ya san fate, to ya kusa gane shi. Bayan an zuba a akushi sai a kwarara ɗanyen man zaitun a kai, kuma a nan ne ake gane gidan da ke da gonar zaitun, don ba sa yi masa rowa.

Dabarar a fili take. Tukunya ɗaya ce, wuta ɗaya, kayan haɗinta kusan duk busassu ne da ba sa lalacewa, ga shi idan baƙo ya maƙale a gidan saboda hanya ta toshe, ƙarin ruwa da tafin tsaki sun wadatar. Da safe kuwa gurasar "kesra" ce, wadda ake gasawa a kaskon ƙasa ba tare da jiran ta kumbura ba, a dangwala a mai, a haɗa da busasshen ɓaure. A tsakiyar wannan sanyi ne ake bikin Yennayer, sabuwar shekarar Amazik, ran 12 ga Janairu, wadda ta zama ranar hutu a ƙasar tun 2018. Daren nan kuskus da kaza ake ci a gidaje da yawa.

To amma zamani ya sauya murhu. Iskar gas ta maye gurbin itace, kanti ya maye gurbin randa, kuma a watan Fabrairun 2012 aka ga illar hakan. Dusar ƙanƙara ta zuba har a Aljas, babban birnin da ke bakin teku, ƙauyuka a jihohin Tizi Wuzu da Bijaya da Setif suka yi kwanaki a yanke, sai da sojoji suka shiga aikin buɗe hanyoyi. Tukunyar gas ta yi wuyar samu, mutane suka riƙa bin dogon layi cikin sanyi a kanta. Gidan da ke da gari da mai da ɗan itace a ajiye ya ci abinci mai zafi; wanda ya saba sayen na yini ɗaya ya sha wuya. A ganina wannan ne ya sa har yau tsofaffin yankin ba su yarda an bar awla ba, ko da ƴaƴansu na yi musu dariya.

Akwai kuma haɗarin da ya fi yunwa saurin kisa. Idan aka toshe ƙofa da taga aka kunna murhu ko na'urar ɗumama ɗaki, wutar kan fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Mutum sai ya ji ciwon kai da jiri da barci, daga nan shi ke nan. A shekarun baya-bayan nan hukumar ƴan kwana-kwana ta Aljeriya kan ƙirga sama da mutum 100 da ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, sau da yawa ƴan gida ɗaya a dare ɗaya. Wannan kam bai tsaya a kansu ba. Iskar da ke fita daga kaskon gawayin da muke shigarwa ɗaki lokacin hunturu, a Agadas ko Damagaram, ita ce dai wannan. Shawarar da ake ba su ita ce a bar kafar da iska za ta shiga ko da sanyi ya kai yaya, kada a ɗumama ɗaki da murhun girki, kuma a fitar da garwashi waje kafin a kwanta.