A Daina Zare Kan Batir Mota Tana Kunne

Makon jiya na raka maƙwabcina gareji da Corolla ɗinsa 'yar Kwatano, wai batir ba ya riƙe caji. Ko gaisawa ba mu gama yi da maigidan ba, yaronsa ya tada mota, ya sa sifana ya zare kan batir, wai yana gwada altaneta. Injin ya yi gargada ya mutu, daga nan bai sake tashi ba. Ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ta ƙone. Garin gyaran gira an rasa ido.

Wannan dabara ta zamanin Fijo 504 ce, lokacin da ake harhaɗa ta a Kaduna kuma babu kwamfuta a cikinta. Motar yau ba haka take ba. Batir ne ke shanye wutar da ta yi yawa. Da zarar an zare shi injin yana aiki, wutar altaneta na iya yin tsalle ta afka wa ƙwaƙwalwar da yawancin sansoshinta da bolt 5 kacal suke aiki. Abin haushin shi ne gwajin gaskiya ba ya cin minti biyu. A ɗora mita a kan batir: mota a kashe ta nuna kusan 12.6, a kunne tsakanin 13.5 da 14.5. Shi ke nan. Mai rewayan da ba shi da mita, me ya bambanta shi da ɗan duba?

Haka ma mota ke lalacewa a hannun masu tura waya a gurbin fiyus, da masu juya kan waya wajen jona batir da na wata mota, da masu yin walda a jikin mota ba su cire batir ba.

In fitilar injin ta kama, kada ka yarda a ce maka birenbos ne kai tsaye. A fara duba fiyus, da rile, da wayar da ke ɗaure a jikin mota, don tsatsa kaɗai na iya rikita komai. Sannan a jona na'urar gano matsala a soket mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Tun 1996 ya zama dole a motocin Amurka. Sau da yawa laifin na waya ne ko sansa, ita kuwa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau.

Mai mota, ka tsaya a kan motarka. Ka ga an nufi batir da sifana injin yana kunne, ka riƙe hannun.