Abin da ya kamata ku sani game da faifan OK Computer na Radiohead

A 1993, in aka ce Radiohead, waƙa ɗaya ce ke faɗo wa mutane a rai: "Creep". Samari biyar ne da suka haɗu a makarantar Abingdon, kusa da Oxford a Ingila: Thom Yorke mai rera waƙa, Jonny Greenwood da yayansa Colin, Ed O'Brien, da Philip Selway mai ganga. Masu sharhi da yawa sun ɗauka daga wannan waƙar sai labari, su kansu kuma har ta gundure su. Faifansu na biyu, The Bends, ya fito a 1995 ya nuna cewa da sauransu. Amma na uku, OK Computer, wanda ya fito a 1997, shi ya sauya musu matsayi.

Kiɗansu na gidan rock ne, reshen da ya kauce wa hanyar da gidajen rediyo suka saba. Jita uku gare su, kuma a da sau da yawa tare suke rugugi. A OK Computer kowace ta kama gabanta: wannan tana ɗigo kaɗan-kaɗan, waccan tana shawagi can nesa, ɗaya ta yi shiru sai lokacinta ya yi. A ganina girman da suka yi ke nan, sanin inda ya kamata a bar fili.

Wurin aikin ma ya taka rawa. Tare da Nigel Godrich, wanda ya naɗi sautin, suka tare a St Catherine's Court, wani tsohon katafaren gida kusa da Bath, mallakar jarumar fim Jane Seymour a lokacin. Suka riƙa zagaya ɗakunan suna neman amon da ya dace. A kan matakalar dutse aka naɗi muryar Yorke ta "Exit Music (For a Film)", shi ya sa za ka ji tana amsa-kuwwa da wani irin sanyi. A "Airbag" kuwa, an naɗi gangar Selway, aka yayyanka ta da na'ura aka sake jerawa, salon da suka koyo daga DJ Shadow. A "Climbing Up the Walls" Jonny ya sa masu goge 16 su ja muryoyin da suka ɗan saɓa wa juna da gangan, har sai tsikar jikin mai sauraro ta tashi. Akwai ma "Fitter Happier", inda kwamfutar Macintosh ce ke magana.

Jigon waƙoƙin ya bar kukan zuci na mutum ɗaya ya koma kan zamani: haɗarin mota, tafiye-tafiye marasa ƙarewa, talla, da mutumin da na'ura ta dabaibaye.

Kamfanin Capitol, mai sayar da faifansu a Amurka a lokacin, ya ji aikin ya rage hasashen ciniki. Ba a ga laifinsa ba, domin "Paranoid Android", wadda aka fara fitarwa, ta haura minti 6, kashi-kashi take, ba ta da amshi. Sai ga ta ta kai mataki na 3 a jadawalin Birtaniya, faifan ya hau na 1, ya kuma ci kyautar Grammy a 1998. Da kowa ya zuba ido yana jiran irinsa, a 2000 suka fito da Kid A, inda na'urorin lantarki suka ture jita gefe.